Tsakanin Waƙa da Masu Sharhinta: Jawabi ga Malaman da Suka Koma Karatu

 



Da yawa daga cikinmu da ke zaune a nan mun koma ɗalibai. Wasu suna neman digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda mazauninta na dindindin yake nan maƙwabtaka da mu a Dundaye. Wasu suna Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Wasu kuma ba su da kansu ke karatun ba, 'ya'yansu ne ko ƙannensu, amma daga albashinsu kuɗin ke fita. Duk wanda ya ɗauki Hausa a cikin waɗannan, ba makawa wata rana za a ce ya feɗe waƙa, a kuma ce ya kawo abin da magabata suka faɗa a kanta. A nan ne keke ke tsayawa. Mun ga takardun da babinsu na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, ba kome a ciki sai jerin gwano: wane ya ce, wane ma ya ce, wance ita ma ta ce, har shafi goma sha biyar, ba a san inda mai takardar ya tsaya ba. Mun kuma san akwai masu shaguna da ke sayar da babin a shirye, a canza suna kawai a buga. Malamin da ya saya ya yi hasara biyu: ya ba da kuɗin da ya kamata ya shiga tukunyar gidansa, sannan in aka zaunar da shi gaban malamai aka yi masa tambaya ɗaya kan littafin da ya ambata, sai gumi. Ga wanda ke tsayawa gaban yara kullum yana hana su satar amsa, wannan kunya ce mai nauyi.

Don haka muka ga ya dace mu yi magana a kan abu uku da ake nema a wurin mai nazari idan ya fuskanci rubuce-rubucen manazarta: ya taƙaita, ya auna, ya kwatanta. Ba za mu yi ta a kan iska ba. Za mu ɗauki waƙa ɗaya da kusan kowa a ƙasar nan ya taɓa jin ana rerawa, wato Tabbat Haƙiƙa.

Kafin nan mu bambance abu biyu. Waƙar ita kanta, baitocinta da ɗangoginta, ita ce matani. Duk abin da wani ya rubuta game da ita, littafi ne ko maƙala ko kundin digiri, sharhi ne. Wannan rabo ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna a zaure ya san matanin Risala daban, sharhinta daban, kuma malami ba ya barin almajiri ya riƙe sharhi ya saki matani. Haka nan al'adar faɗin inda ka samo magana tsohuwa ce a garin nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Shehu da Muhammadu Bello idan suka ciro magana daga Magili ko Suyuɗi sukan faɗi sunan mai ita da sunan littafin. Malaman hadisi kuwa sun kai abin matuƙa, domin ba sa karɓar ruwaya sai sun binciki mai ruwayar. Abin da jami'a ke nema a hannunmu a yau ɗan'uwan wannan ne, tufafinsa kawai suka bambanta.

To, Tabbat Haƙiƙa ta wa ce? A bakin jama'a, waƙar Shehu ce. Idan ka buɗe babban littafin da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997, wanda ya tattara ayyukan Nana Asma'u, za ka tarar da ita a ciki. Wani kuma zai ce maka ai ta Isan Kware ce. Ɗalibi mai gaggawa sai ya ɗauki ɗaya ya rubuta, ko ya ce manazarta sun saɓa ya wuce. Alhali dukkansu suna riƙe da wani yanki na gaskiya. Shehu Usmanu ne ya tsara ta da Fulatanci, wajen 1812, lokacin yana Sifawa. 'Yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, a zamanin sarautar ɗan'uwanta Muhammadu Bello. Sannan autan Shehu, Isa, ya yi mata tahamisi, wato ya ɗora ɗango uku a gaban kowane ɗango biyu na asali, baiti ya koma mai ƙwar biyar.

Mu dakata a nan, domin wannan ɗan bayani yana juya dukkan nazarin. Idan malami ya rubuta cewa Shehu ya nuna gwaninta wajen zaɓen kalma kaza ta Hausa a baiti kaza, ya yi kuskure tun daga tushe, domin Shehu ba da Hausa ya yi ta ba. Ma'anar tasa ce, lafazin Hausar na 'yarsa ne. Idan kuma kalmar tana cikin ɗango ukun farko na baitin, to ba ta Nana ba ce ma, ta Isa ce. Mutum uku ne ke magana a baiti ɗaya, uba da 'ya da ɗa. Sannan ga wata tambaya da mai lura zai yi wa duk littafin da ya liƙa wa waƙar shekara ɗaya tak: wannan shekarar ta wace ce, ta asali, ta fassara, ko ta tahamisi? Shehu ya rasu a 1817, kuma a 1831 autansa bai wuce shekara goma sha huɗu ko sha biyar ba. Wanda ya yi wannan ɗan lissafi na aji huɗu ya riga ya fara auna madogararsa, ko da bai san sunan abin da yake yi ba.

Sai mu zo ga taƙaitawa. Taƙaita littafi shi ne ka faɗi da bakinka abin da marubucin yake son tabbatarwa, da hujjar da ya dogara a kai, da iyakar inda ya tsaya. Kwafe sakin layin farko na gabatarwa ba ya cikin wannan. Gwajin da muke ba da shawara mai sauƙi ne, kuma irin wanda muke yi wa 'yan aji shida ne a darasin auna fahimta: karanta, rufe littafin, ka faɗa wa abokin zamanka cikin jumla uku ko huɗu. In ka kasa, ba ka gama karantawa ba tukuna. Misali, littafin Mervyn Hiskett na 1975 kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, ana iya taƙaita shi da cewa yana nuna rubutacciyar waƙar Hausa ta tsiro ne daga ilimin Musulunci da adabin Larabci, ta fuskar jigo da kari da siffantawa, yana kuma rarraba waƙoƙin gida-gida, kamar wa'azi da madahu da tauhidi da tarihi. Aikin Bello Sa'id na 1978 a Jami'ar Bayero, Gudummawar Masu Jihadi kan Adabin Hausa, babban amfaninsa shi ne tattara matanonin waƙoƙin ƙarni na 19 da juyo su daga ajami zuwa boko. Boyd da Mack kuwa, a littafinsu na 1997 da wanda ya biyo baya a 2000, One Woman's Jihad, idonsu yana kan Nana Asma'u a matsayin malama, da tsarin 'yan taru da jajojin da take aikawa ƙauyuka su koyar da mata ta hanyar waƙa.

Abu ɗaya muke jan kunne a kai: a taƙaita da adalci. Kada mu sa wa marubuci maganar da bai yi ba don mu sami abin rusawa, kada kuma mu mayar da "wataƙila" tasa ta koma "tabbas". Manazarci idan ya ce ana zaton abu, mu ma zato za mu rubuta. Kuma duk jumlar da muka ɗauko yadda take, mu sa mata alamar zance da lambar shafi tun a littafin ajiyarmu, domin bayan wata biyu ba mai iya tuna wace jumla ce tasa, wace ce ta aro. Yawancin satar fasahar da ake kama ɗalibai da ita daga wannan sakaci take farawa.

Aunawa ita ce ta fi ba mutane tsoro, kuma mun fahimci dalili. An rene mu a kan girmama malamai, ga shi kuma sunan farfesa a bangon littafi; wane ne malamin firamare da zai ce zai auna shi? Amma auna magana daban, raina mai ita daban. Mai awo a kasuwar Sakkwato idan ya sa tiya ya auna geron dattijo, bai zage shi ba. Tambayoyin da ake yi wa littafi ba su da yawa. Wane ne ya rubuta, me ya kai shi ga waƙar? Da wane harshe ya karanta ta? Wane kwafi ya riƙa? Yaushe ya rubuta, me aka gano bayansa? Su wa yake yi wa magana?

Mu gwada. Jean Boyd ta yi shekaru masu yawa a Sakkwato, ta koyar a nan, ta kuma sami damar duba takardun da ke hannun Waziri Junaidu, wanda shi kansa daga zuriyar Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u yake. Wannan ƙarfi ne babba: ta sha daga bakin rijiya. Amma littattafanta da Turanci suke, an yi su ne domin mai karatu na Ingila da Amurka, kuma fassarar Turanci ba ta ɗauke da amsa-amo ko kari. Saboda haka madogara ce mai kyau ga tarihin waƙar da muhallinta, amma wanda ya gina babin salo a kan fassarar Turanci ya feɗe inuwa ne, naman yana gefe. Hiskett ya koyar a Kano kafin ya koma Landan, ya san Larabci sosai, shi ya sa kunnensa ke saurin jin amon Larabci a cikin baitin Hausa. Sai dai littafinsa ya riga na Boyd da Mack da shekara ashirin da biyu, ba za a nemi abin da aka tono daga baya a cikinsa ba. Wannan ba aibi ba ne gare shi. Aibin yana kan wanda zai rubuta a yau kamar ba a ƙara kome ba tun 1975.

Ga wani misali ƙarami mai daɗi. Littafin Boyd na 1989, The Caliph's Sister, a bangonsa an sa shekarun Nana Asma'u 1793 zuwa 1865. Littafin 1997, wanda da hannunta a ciki, ya sa 1793 zuwa 1864. Marubuciya ɗaya, shekara biyu. Irin wannan saɓani sau da yawa daga juya lissafi yake tasowa, domin magabatanmu da hijira suke ƙidaya, shekarar hijira ɗaya kuwa takan ratsa shekara biyu ta miladiyya. Me ɗalibi zai yi? Ya ɗauki na baya, tun da marubuci yakan gyara kansa ne a gaba, ya kuma faɗa cikin jumla ɗaya cewa na farko ya kawo 1865. Ya nuna ya gani, ya zaɓa, ya faɗi dalili. Malamin da ke duba takarda irin wannan jumla yake nema.

Batun kwafi ma ya cancanci a tsaya a kansa, musamman gare mu mutanen Sakkwato. Waƙoƙin nan da ajami aka rubuta su, aka yi ta kwafa da hannu daga malami zuwa almajiri, don haka ba mamaki a sami kalma ta bambanta ko baiti ya ƙaru ko ya ragu tsakanin kwafi da kwafi. Da aka zo juya su zuwa boko, sai wata matsala ta shigo. Ajami yakan nuna tsawon wasali, boko na yau da kullum ba ya nunawa, karin waƙa kuwa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya. Sannan mai juyawa yana iya gyara Sakkwatanci ya koma daidaitacciyar Hausa ba da mugun nufi ba, gaɓa ɗaya ta ɓace, kari ya karye, mai nazari ya zo ya ɗora wa mawaƙi laifin da ba nasa ba. A nan muna da abin da manazarcin nesa ba shi da shi. Kunnenmu ya san yadda tsofaffinmu ke furta kalmar, kuma har yau akwai masu rera waɗannan waƙoƙi a garuruwanmu. Ga kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a cikin gari, ga Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo a jami'a. Kuɗin mashin ne tsakaninmu da su.

Kwatantawa ita ce a zaunar da manazarta a tabarma ɗaya, a jefa musu tambaya ɗaya, a ji amsar kowa. Shi ya sa muke ganin a tsara babin bita bisa tambayoyi, kada a tsara shi bisa sunayen mutane ko jerin shekaru. Ɗauki tambayar kari. Tun 1949 Joseph Greenberg ya yi rubutu yana auna waƙar Hausa da ma'aunin arulin Larabci. Hiskett ya bi wannan hanya, M. K. M. Galadanci ma a 1975 ya yi maƙala a mujallar Harsunan Nijeriya kan auratayyar waƙar Larabci da ta Hausa. Daga baya Ɗalhatu Muhammad ya jawo hankali ga cuɗanyar waƙar baka da rubutacciya, Russell Schuh kuma ya yi ta nuna cewa sai an saurari yadda ake rera waƙa kafin a gane karinta sosai, kuma akwai karuruwan da suka fi kusa da kiɗan gida fiye da littafin aruli. Ɗalibin da ya jera waɗannan suna bayan suna bai yi kome ba. Wanda ya kwatanta zai ce: ga inda suka haɗu, dukkansu sun yarda nauyin gaɓa ne ginshiƙi, ga inda suka rabu, wato asalin karin da matsayin rerawa, ga kuma abin da wannan ke nufi ga waƙar da ke gabana. Ga waƙar malaman jihadi, waɗanda suka tashi cikin ƙasidun Larabci, ma'aunin aruli yana da hujja mai ƙarfi. Amma Tabbat Haƙiƙa ta biyo ta Fulatanci kafin ta iso Hausa, kuma an yi ta ne don a rera wa jama'a, saboda haka ba a rufe ƙofar ɗaya ɓangaren ba.

Haka tambayar jigo. Kowa ya yarda wa'azi ce: tana gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa da talakawa kan zalunci da cin haƙƙi, tana tuna musu da hisabi. Wanda ya kalle ta da idon Hiskett zai sa ta a gidan wa'azi, ya nemo tushen kowace magana a Alƙur'ani da hadisi da littattafan fiƙihu. Wanda ya kalle ta da idon Boyd da Mack zai tambaya: me ya sa aka ga buƙatar mayar da ita Hausa bayan kusan shekara ashirin, su wa ake son su ji? A ganinmu tambaya ta biyu ta fi buɗe waƙar, domin fassarar tana nuna cewa an so talakan da ba ya jin Fulatanci ko Larabci ya san haƙƙinsa a kan mai mulki, ya san kuma nasa nauyin. Amma ba za a amsa ta da kyau ba sai da kayan aikin ta farko. Wannan ra'ayinmu ne, wani yana iya saɓa mana, muddin ya nuna baitin da ya dogara a kai.

Akwai wani rukunin littattafai da ake yawan haɗa su da waɗannan alhali aikinsu daban. Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo, da Jigon Nazarin Waƙa da Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya na jami'ar nan tamu, hanya suke koyarwa: yadda ake fitar da jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Wuƙa ce da gado, ba su ne naman ba. Kuskuren da ake yi shi ne a cika shafi biyar da ma'anar jigo daga bakin mutum bakwai, ma'anonin nan kuwa kusan ɗaya ne, sannan a zo kan waƙar a yi mata shafi ɗaya. Ma'ana ɗaya ta isa, a faɗi dalilin zaɓenta, a shiga aiki. Littattafai irin su Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, da na Graham Furniss na 1996, su kuma taswira ce ta fagen gaba ɗaya. Da su ake fara gane inda waƙa ta faɗa a tarihi, amma ba a tsammanin su yi wa waƙa ɗaya feɗar ƙwaf.

Game da abin da ake samu a waya, magana ɗaya ce. A yi masa tambayoyin da aka yi wa littafi. Rubutun da ba sunan mai shi, ba shekara, ba inda ya samo, hukuncinsa hukuncin jita-jitar bakin kasuwa: ana iya jin ta a bi sawu, ba a kafa hujja da ita. Kundayen ɗaliban da suka gabace mu ma a yi hattara da su, domin kuskure ɗaya yakan yi ta yawo daga kundi zuwa kundi shekara da shekaru, kowa yana ambaton littafin da bai taɓa riƙewa ba. In ba mu ga littafin da idonmu ba, mu rubuta cewa wane ne ya ruwaito daga wane. Ba a rage maki don wannan.

Mun san uzurin, domin namu ne duka: littattafan nan suna da tsada, wasunsu sun ɓace a kasuwa, ga aji tun safe, ga hidimar gida da yamma. Saboda haka muna roƙon shugabannin reshe su duba yiwuwar buɗe rajista ɗaya, kowane memba ya rubuta littattafan nazarin da ke gidansa, a riƙa aro da sa hannu da ranar mayarwa. Waɗanda suka gama digiri a cikinmu akwatunansu cike suke da takardun da gara ke jira. Muna kuma ba da shawarar masu rubuta kundi a bana su riƙa haɗuwa mutum uku ko huɗu ranar Asabar, kowa ya zo da littafi ɗaya da ya karanta, ya taƙaita shi da baka cikin minti biyar, sauran su yi masa tambayoyin nan biyar. Wanda ke nazarin Tabbat Haƙiƙa ya zo da kwafin ajami da na boko, a sa wanda ya iya ya rera baiti biyu, a bi da yatsa a ga inda suka rabu.